Sanyin Hunturu da Tsofaffin Motocin Jif: Abin da Ke Cinye Inji a Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, duk wanda ya yi sammako a Birnin Kudu ko Gwaram zai ji wata ƙara da kunne ya saba da ita, wato rurin injin mota da direba ya tayar da sanyin safiya, yana ta taka totur wai don ta yi ɗumi. Daga cikin motocin da ake yi wa haka akwai manyan jif na alfarma da suka kwana biyu, irin su Toyota Land Cruiser da Prado, da Lexus LX 470 da RX 300, da Mitsubishi Pajero. Yawancinsu 'yan Kwatano ne, sun gama wata rayuwa a Amurka ko Turai kafin su iso ƙasar Hausa, kuma da yawa sun haura kilomita 300,000 a kan hanya.

Waɗannan motoci sun daɗe da wuce matsayin kayan ado. Su ne ke ɗauko marar lafiya daga ƙauye zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, su ne ke ratsa burji zuwa Sara da Fagam da Basirka ranar kasuwa ko ranar biki. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, sa'an nan darajar naira ta faɗi a watan Yuni na shekarar, kowane ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Mai tsohuwar jif da injinsa ya buga a yau, ba lalle ne ya iya zuwa Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ɗauko wani ba. Sau da yawa motar takan ƙare a gindin bishiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sanyin hunturun kudancin Jigawa bai kai ya kashe inji shi kaɗai ba. Abin da ke cinye injin shi ne ƙurar da ke zuwa tare da sanyin, da kuma wasu al'adu huɗu da direbobi da makanikai suka gada daga zamanin wasu motoci dabam: taka totur da safe, cire na'urar tamostat, zuba baƙin mai mafi kauri, da hure filtar iska da famfon mai faci. Ana yin dukkansu da niyyar gyara, kuma ilimin kimiyyar da ake koyarwa a sakandare ya isa ya nuna inda kowannensu ya kauce.

Yadda baƙin mai ke raba ƙarfe da ƙarfe

Kafin a yi hukunci a kan waɗannan al'adu, ya kamata mai karatu ya san abin da ke gudana a cikin inji. A shekarar 1883 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Beauchamp Tower yana gwaji a kan irin mazaunin da gatarin ƙafar jirgin ƙasa ke juyawa a ciki. Ya huda rami a saman mazaunin, sai ya ga mai yana ɓulɓulowa daga ramin. Ya toshe da toshiya, man ya turo ta waje. A 1886 Osborne Reynolds, wani malami a birnin Mancesta, ya bayyana dalili ta hanyar lissafi: ƙarfen da ke juyawa yana jan mai zuwa cikin matsattsen wuri, man ya matsu, matsin ya ɗaga ƙarfen, har ya zamana yana yawo a kan mai ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba.

Haka abin yake a cikin injin mota. Karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, yana yawo ne a kan shimfiɗar mai. Ratar da ke tsakaninsa da mazauninsa, wanda makanikai ke kira metal, ba ta wuce maikiron 25 zuwa 50 ba a lafiyayyen inji. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70. Idan inji na aiki da nauyi, shimfiɗar man kan ragu zuwa 'yan maikiron ƙalilan. Muddin tana nan, ƙarfe ba ya cin ƙarfe.

Matsalar tana faruwa ne a lokacin da shimfiɗar ba ta samu ba. Idan mota ta kwana, yawancin man ya tsiyaye ya koma kaskon da ke ƙasan inji, abin da ya rage a jikin ƙarafa ɗan laushi ne kawai. Da an murɗa makulli, sai famfo ya ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya tura mai zuwa saman inji. Bugu da ƙari, fistin na alminiyom ne, kuma alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. An ƙera fistin ne don ya cika gurbinsa daidai idan ya yi zafi, saboda haka da sanyi yana ɗan lilo a cikin silinda. Tsohon inji da ya riga ya ci kilomita dubu ɗari uku, ratarsa ta ƙara faɗi, don haka wannan lilo ya fi tsanani a gare shi.

Akwai kuma ɓangaren Kemistare. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana samar da ruwa kimanin lita ɗaya, a siffar tururi. Idan bangon silinda ya yi zafi, tururin yana ficewa ta salansa. Idan kuwa bangon yana da sanyi, sai tururin ya koma ruwa a jikinsa, kamar yadda raɓa ke kwanciya a murfin tukunya, ya haɗu da sinadaran hayaƙi, musamman sulfa, ya zama asid mai cin ƙarfe. Binciken da aka yi a Ingila tun cikin shekarun 1930 ya nuna cewa zaizayar silinda tana ƙaruwa ƙwarai idan inji yana aiki da sanyi. Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: duk abin da zai tsawaita lokacin da inji ke aiki yana sanyi, ƙara masa tsufa yake yi.

Wane irin sanyi ne na hunturu?

A yankin Kano da Jigawa, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 na Salsiyos da asubar Disamba da Janairu, wani lokaci har ƙasa da 10, sa'an nan da rana ya haura zuwa kusan 30. Ga jikin Bahaushe wannan sanyi ne mai sa a hura wuta a ƙofar gida. Amma motar da aka ƙera don ta tashi a Kanada cikin digiri 20 ƙasa da sifiri, ba za ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Ruwa ba ya daskarewa a lagireto a Gwaram, kuma babu mai buƙatar na'urar ɗumama inji ta lantarki da ake amfani da ita a ƙasashen ƙanƙara.

Sai dai digiri 10 ya isa ya sauya halin mai. Kowace uwar gida ta san yadda manja da man shanu ke daskarewa da hunturu, da yadda man gyaɗa ke yin nauyi a kwalba. Baƙin mai ma haka yake. Man da ke gudu kamar ruwa a digiri 100, ya kan yi kauri ninki da dama a digiri 10. Saboda haka hunturu yana tsawaita waɗancan daƙiƙoƙi na farko, yana kuma tsawaita mintocin da inji ke ɗauka kafin ya yi zafi. Iyakar laifin sanyin ke nan. Sauran ɓarnar daga hannun mutane take fitowa.

Al'ada ta farko: taka totur da barin inji yana aiki a tsaye

Wannan al'ada tana da asali mai ma'ana. Motocin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, suna amfani ne da kafireto. Kafireto ba ya iya haɗa fetur da iska yadda ya kamata idan inji na sanyi, don haka direba kan ja cok, ya ɗan taka totur, ya jira, in ba haka ba motar ta mutu a hanya. Direbobin wancan zamani su ne suka koya wa na yau, kuma ɗabi'ar ta bi hannu.

Amma jif ɗin da ake magana a kansu suna da kwamfuta da ke auna zafin ruwan inji, ta fesa fetur daidai da buƙata, ta kuma ɗaga gudun injin da kanta idan akwai sanyi. Direban da ya taka totur a daƙiƙar farko yana tilasta wa ƙarafa su yi gudu mai tsanani a daidai lokacin da mai bai iso gare su ba. Wanda kuma ya bar mota tana aiki a tsaye na minti ashirin, ya faɗa wa ɗaya kuskuren. Inji a tsaye ba ya ƙona fetur da yawa, don haka ba ya yin zafi da wuri, kuma duk tsawon lokacin kwamfuta tana ƙara fetur fiye da kima. Rarar fetur ɗin tana wanke man da ke bangon silinda, tana gangarawa cikin kasko ta tsinka baƙin mai. Idan kuma a rufaffen gareji ake yin haka, hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, kuma tana kisa.

Hanyar da ta dace mai sauƙi ce. A tayar da mota ba tare da taɓa totur ba, a tabbata fitilar mai ta mutu, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya, sa'an nan a tashi a hankali. A riƙe gudun inji ƙasa da juyi 2,500 a minti har allurar zafi ta kai mazauninta, a kuma ƙara 'yan mintoci kafin a buɗe wuta a babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, domin baƙin mai ya fi ruwa jinkirin yin zafi. Tafiya a hankali ta fi tsayuwa saurin ɗumama inji.

Al'ada ta biyu: cire tamostat

Da wuya a sami jif 'yar Kwatano da ta shekara a arewa ba a ba mai ita shawarar ya cire tamostat ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce, wai an sa ta ne don ƙasashen sanyi, nan kuwa ƙasar zafi ce. Tamostat wata 'yar ƙofa ce a kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. A cikinta akwai kakin da ke narkewa ya buɗe ƙofar idan ruwa ya kai wani zafi, wanda a yawancin injinan Toyota na wancan zamani ya kama digiri 82. Kafin nan ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaya cikin inji kawai, don ya yi zafi da sauri.

Dole a yi wa makanikai adalci. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a wannan yanki, kuma tamostat da ta tsufa takan maƙale a rufe, inji ya tafasa, gaskit ya ƙone. Makaniken da ya taɓa ganin haka yana da dalilin jin tsoronta. Sai dai maganin ƙofar da ta lalace shi ne a sa sabuwa mai kyau. Idan aka cire ta gaba ɗaya, ruwa zai riƙa bi ta lagireto tun daga daƙiƙar farko, kuma da safiyar hunturu motar za ta iya tashi daga Birnin Kudu ta yi nisa a hanyar Gwaram allurar zafi ba ta kai inda ya kamata ba. Duk wannan tafiya inji yana cikin halin da aka bayyana a baya: fistin na lilo, asid na kwanciya a silinda, kwamfuta na ƙara fetur. Mai motar yana biya sau biyu, a gidan mai yau, a gareji gobe.

Har ila yau, a injina da yawa tamostat tana da aiki na biyu. Idan ta buɗe hanyar lagireto, tana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In babu ita, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa bin gajeriyar hanyar ba tare da ya huce ba. Wato cirewar da aka yi don gudun tafasa tana iya jawo tafasar a lokacin bazara. Motar da ke zafi fiye da kima, a binciki lagireton da ya toshe, da fanka, da famfon ruwa, da murfin lagireto. A kuma daina zuba ruwan rijiya zalla, domin gishirin ƙasa da ke cikinsa yana daskarewa a ƙananan bututu, kuma yana sa tsatsa. Ruwan lagireto na musamman yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Sai dai guba ne mai ɗan zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi.

Al'ada ta uku: mai mafi kauri shi ne mafi kyau

Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 da 20W-50, tsari ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka da ake kira SAE. Lambar farko mai harafin W tana nuna halin man a cikin sanyi: ƙaramar lamba, saurin gudu da safe. Ana gwada mai 5W a digiri 30 ƙasa da sifiri, mai 20W kuwa a digiri 15 ƙasa da sifiri. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, wato lokacin da inji ke tsakiyar aiki. A digiri 10, irin na asubar Janairu, mai 20W-50 ya fi mai 5W-30 kauri kimanin ninki uku zuwa huɗu.

Mai 20W-50 shi ne ya dace da injinan zamanin 504, kuma har yau shi ne aka fi sani a bakin hanya. Amma littafin jagoran Lexus LX 470 da RX 300 da aka sayar a Amurka 5W-30 ya ambata. Injin RX 300 yana da tsarin da ke amfani da matsin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, kuma man yana bi ne ta ƙananan hanyoyi masu 'yar rariya. Mai kauri yana jinkirin isa irin waɗannan wurare da safe.

A nan ma akwai gaskiya a ɓangaren masu son mai kauri. Injin da ya tsufa, ratarsa ta buɗe, mai tsinke yana saurin zurarewa, matsi ya ragu, hayaƙi ya ƙaru. Kuma 20W-50 ba ya daskarewa a sanyin Jigawa, ɓarnarsa kaɗan-kaɗan ce, kowace safiya da rabonta. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da abin da littafin motar ya ce. Idan tsufan inji ya sa dole a ƙara kauri, a ƙara a lamba ta biyu, a bar ta farko ƙarama, alal misali 5W-40 ko 10W-40. Ta haka an sami kauri da rana ba tare da an rasa sauri da asuba ba.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ingancin man da lokacin juye. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta sha kama gurɓataccen baƙin mai a kasuwanni. Man da ake aunawa a kwalba daga buɗaɗɗen duro, babu wanda ya san asalinsa, kuma Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Littattafan jagora sukan rage tazarar juye ga motar da ke bin hanya mai ƙura ko gajerun tafiye-tafiye, don haka juye a kowace kilomita 5,000 ko wata shida, tare da sabuwar filtar mai, shi ne daidai ga wannan yanki. A lura kuma cewa mitar motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya jira mita ta ƙara 5,000 ya yi kilomita 8,000 ke nan. Masu RX 300 suna da ƙarin dalilin kiyayewa: a shekarar 2002 kamfanin Toyota ya tsawaita garantin wasu injinansa zuwa shekara 8, har da na wannan mota, saboda ƙorafin da aka yi cewa baƙin mai yana daskarewa kamar kwalta a cikinsu. Jinkirin juye da aiki cikin sanyi suna cikin abubuwan da ke haifar da irin wannan daskarewa.

Al'ada ta huɗu: ƙura da filtar iska

Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, kuma babban kaso na ƙurarta daga kwarin Bodele yake fitowa, a arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Masana suna lissafa wannan kwari a sahun gaba na wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana ɗauke da sinadarin silika mai yawa, wato asalin yashi, kuma ƙwayar yashi ta fi baƙin ƙarfen inji tauri. A ƙara da jar ƙurar burji da babbar mota ke tayarwa a hanyar ƙauye.

Ɗalibi zai iya lissafa girman haɗarin da kansa. Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 ga kowane kilo na fetur. Litar fetur ta kai kimanin kilo 0.74, saboda haka tana buƙatar iska kusan kilo 11, wato lita 9,000 ko kusa da haka. Jif ɗin da ke shan lita 15 a kilomita 100, ta shaƙi iska lita 135,000 a wannan tafiya. Abin da ke tsakanin wannan iska da cikin silinda takarda ce 'yar naɗe-naɗe. Ƙwayar ƙura mai maikiron 10 ko 20, wadda ido ba ya rarrabewa, ta fi kaurin shimfiɗar man da ke kare ƙarfe. Idan ta shiga, sai ta haɗu da mai ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita, ta riƙa cin zoben fistin da bangon silinda.

Al'adar da ake yi ita ce a cire filta a kai wa mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi. Ta fito fes a ido, amma iskar tana iya yaga zaren takardar, ta bar ƙananan huji da ba a gani. Filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa tacewa, domin ƙurar farko tana toshe manyan ƙofofi. Wadda ta huje kuwa ta daina aiki, ko da ta yi kyau a ido. Idan filta ta cika, a sauya ta, kuma ya fi kyau a shiga hunturu da sabuwa. A duba robar da ke bakinta ta zauna daidai, a kuma duba ƙaton tiyon roba da ya tashi daga akwatin filta zuwa inji, domin tsufa da bushewar hunturu suna tsattsaga shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A hanyar burji a ba motar gaba rata har ƙurarta ta lafa. Ranar juye kuma a nemi wurin da iska ba ta kaɗawa, a goge bakin mazubin mai kafin a buɗe shi.

Aikin da ke gaban malamai da ɗalibai

Mai jif yana da kuɗi amma ba ya buɗe bonet, makanike yana da hannu amma ba a koya masa dalili ba. Wanda zai iya haɗa su shi ne ɗalibin kimiyya, wanda sau da yawa ɗan mai motar ne ko ƙanen makaniken. Makarantun sakandare na wannan yanki, tun daga tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu har zuwa na cikin ƙauyukan Gwaram, za su iya mayar da hunturu ɗakin gwaji ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Gwaji na farko: a sami dogayen kwalabe biyu, ɗaya da mai 5W-30, ɗaya da 20W-50, a bar su su kwana a waje. Da sassafe a auna zafinsu, a saki ƙaramin ƙwallon ƙarfe na boris a kowace, a ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya kai ƙasa. A sake gwajin bayan an tsoma kwalaben a ruwan zafi, a zana sakamakon a jadawali. Gwaji na biyu: a shafa man basilin a gilashi, a ajiye a tagar aji na kwana ɗaya, a duba da madubin ƙara girma, a gwada girman ƙwayoyin da silin gashi. Gwaji na uku: da izinin mai mota, a shafa farin ƙyalle a cikin tiyon da ke bayan filtar iska. Idan ƙyallen ya fito da ƙura, to, akwai inda take shiga. Gwaji na huɗu: a rubuta zafin asuba kullum daga Nuwamba zuwa Fabrairu, makaranta ta mallaki nata bayanin a kan sanyin garinta. A kiyaye taɓa tsohon baƙin mai da hannu, kada kuma a zubar da shi a ƙasa kusa da rijiya, domin yana gurɓata ruwan sha.

Ya kamata kuma malaman Fizis da na koyon sana'a su gayyato makanikan gari su ga waɗannan gwaje-gwaje, su ma su kawo tsohon fistin da metal da suka cinye, ɗalibai su gani. Makanike ya fi kowa sanin yadda ɓarna take kama, malami ya fi shi sanin dalilinta, kuma gani ya kori ji. Makaniken da ya ga ƙwallon ƙarfe yana jan jiki a cikin mai kauri da idonsa, zai fi saurin sauya ra'ayi fiye da wanda aka yi wa lacca.

Kammalawa

Injin silinda takwas mai lita 4.7 da ke cikin LX 470 da Land Cruiser na shekarun 1998 zuwa 2007 ya yi suna wajen juriya, kuma idan aka kula da shi yana iya ƙara shekaru masu yawa a kan waɗanda ya riga ya yi. Abin da yake buƙata a hunturu bai taka kara ya karya ba: tamostat mai aiki, baƙin mai na gaskiya mai ƙaramar lambar farko, juye a kan lokaci, filtar iska da ba a hure ba, da direba mai haƙurin mintoci goma na farko. Kuɗin dukkan waɗannan a haɗe bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan shiri shi ne watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwan sama, kafin hazo ya sauka. Ɗalibin da ya karanta wannan, zai iya farawa da tambaya ɗaya ga duk mai jif da ya sani: shin tamostat ɗin motarsa tana nan, ko an cire?